Ƙwaya Uku, Ƙarfe Bakwai na Safe

Akurba, Lafia
9 ga Satumba

Zuwa ga Baffa Babandi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Hajiya da yaran gida da mutanen shago. Na ji an ce ƙafar ta sake kumbura, Allah ya sauwaƙe. Mu nan lafiya, sai zazzaɓi da Zaituna ta yi na kwana biyu, ya sauka.

Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, domin sau uku muna magana a waya tun rasuwar, kuma duk sau ukun abin da na faɗa daban, abin da ya zaga dangi daban. Baballe direba zai miƙa maka wannan hannu da hannu idan ya kai doya Kano.

Ga yadda abubuwa suke. Ƙaninka, Baffa Zakiyyu, ya rasu 11 ga Janairu. Matarsa, Anti Bilkisu, ta bi shi 14 ga Agusta. Sun bar yara uku: Mutmainna mai shekara goma sha ɗaya, Mu'awiya takwas, Zaituna biyar. Ni kaɗai ce babba a gidan, ni ma karatun jami'a ne ya kawo ni wurinsu shekara huɗu da suka wuce, na kuma gama. Mai gidan ya ce wa'adin haya zai cika 30 ga Nuwamba, ba zai sabunta ba. Ya ce gyara zai yi, amma da kunnena na ji yana tambayar mai fenti ko fenti yana kashe cuta. Ni kuma a cikin Nuwambar nake sa ran tafiya bautar ƙasa.

Akwai abin da kowa yake raɗawa ba mai faɗa, bari in faɗe shi. Cuta mai karya garkuwar jiki ce ajalinsu su biyun. An gwada yaran tuntuni. Biyu ba su da ita. Ɗaya na da ita, kuma na shan magani kullum ba fashi, ana karɓowa a asibiti duk wata uku. Gwajin watan Yuli ya nuna ƙwayar cutar ta yi ƙasa a jini har na'ura ba ta ganinta.

Roƙona ɗaya ne: a samu gida guda da zai ɗauke su su uku. Tun rasuwar uwarsu a katifa ɗaya suke kwana, kuma Zaituna ba ta cin abinci sai Mutmainna ta fara sa hannu.

Ban so in taɓo zaman makoki ba, amma kai ne babba, gara ka sani. Ranar uku mutum arba'in da ɗaya suka shigo, na ƙirga. Na dafa shinkafa mudu shida. Mutum huɗu suka ci, ukunsu maƙwabtanmu ne 'yan ƙabilar Alago da ba mu haɗa jini ba. Ƙanwarka Gwaggo Sailuba ta zo daga Shabu da butarta da tabarmarta da ruwanta a gora. Da Mu'awiya ya miƙa mata hannu, sai ta tuna tana da alwala. Yaro ɗan shekara takwas, ɗan ƙaninta.

Sadakar arba'in ta faɗo 22 ga Satumba. Muna sa ran ganinka.

'Yarka,
Afra'u

Kano
16 ga Satumba

Afra'u,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafa da sauƙi, amma ba ta doguwar mota ba ce. Arba'in ku yi, Allah ya karɓa, ya jiƙan Zakiyyu.

Takardarki ta iso. Da na ga kwanan wata da yawan mutane da mudun shinkafa, na ɗauka sammaci ne daga kotu. Ashe abin da ake koya muku ke nan a jami'a, ƙirga baƙin da suka zo gaisuwa. Sailuba ta girmi uwarki. In ta ga dama ta zo da rijiyarta a ka, ba ke za ki sa mata ido ba.

Maganar gida guda kuwa maganar yara ce. Abin da muka tashi muka tarar a gidanmu, in uba ya faɗi, bayan arba'in sai a raba 'ya'yansa a ɗakunan dangi, kowa ya ɗauki wanda zai iya. Haka aka yi mana da mahaifinmu ya rasu. Aka bar ni Kano, aka kai Sailuba da Zakiyyu Lafia, gidaje daban-daban. Ba mu mutu ba. Ubanki ma, Allah ya jiƙansa, da muke 'ya'yan wa da ƙani, a hannun kawunsa ya girma.

Ga abin da na yanke. Mu'awiya ya zo wurina, safe makaranta, yamma shago. Mutmainna ta tafi wurin Sailuba, ta isa taya aiki. Ƙaramar kuwa, Hajiya za ta haɗa ta da jikokinta. Amma duk wannan sai na san wanne ne mai ƙanjamau ɗin. Jikoki bakwai gare ni a gidan nan, kwano ɗaya suke ci, reza ɗaya ake yi wa mazan aski. Wanda abin ya faɗa wa a mayar wa dangin uwar, tunda daga can aka kwaso. Tun ranar da Zakiyyu ya ce zai auri 'yar ƙabilar Tibi mai sayar da abinci a tasha na gaya masa abin da zai biyo baya. Wai ta musulunta an sa mata Bilkisu, to, suna ne dai.

Ki rubuto mini sunan a layi ɗaya, Malama mai digiri. Ba sai da tarihi ba.

Baffanki,
Alhaji Babandi

Akurba, Lafia
24 ga Satumba

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Allah ya ƙara wa ƙafa sauƙi. An yi arba'in lafiya. Mutum goma sha tara suka zo. Daga Kano babu kowa.

Ka yi haƙuri, ba zan rubuta sunan ba. Ban taɓa ce wa babba a'a ba, amma ba zan rubuta ba.

Cutar nan ba ta bin kwano, ba ta bin kofi ko buta ko musabaha, sauro ma ba ya ɗaukarta. Shekara huɗu ina cin abinci da su a faranti ɗaya. Na yi gwaji sau uku, na ƙarshe 2 ga Agusta, ba ni da komai. Reza kuwa, kowane yaro ya kamata a ba shi tasa, ko da maraya a gida ko babu. Wannan gyara ne da za a iya yi gobe. Maganin ma ba matsala, asibitin nan suna ba da takardar canjin wuri, a ci gaba da karɓa a Kano.

Ka ce daga wurin Anti Bilkisu aka kwaso. Katin asibitinsu duka biyu yana hannuna. Na Baffa Zakiyyu ya girmi nata da shekara biyu da wata biyar. Ya sani, bai gaya mata ba. Ba na cewa na san wa ya sa wa wa, kati ba ya nuna wannan. Abin da ya nuna ke nan. Daga baya ya bar maganin asibiti ya koma shan jiƙo a galan, wurin wani mai magani da Gwaggo Sailuba ta kai shi da kanta. Ba zan rubuta shekarun da aka buɗe katunan ba, don na san ɗan kasuwa ne kai, za ka ɗora su a kan shekarun yaran ka fitar da abin da na hana ka.

Matar da ka ce suna ne dai, wata tara ta yi tana jinyar ƙaninka, tana wankewa tana kwashewa, ita ma tari yana cin ta. Kai ka zo sau ɗaya. Ka tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ba ka cire takalmi ba.

Ka ce an raba ku ba ku mutu ba. Haka ne. Amma Baffa Zakiyyu ya taɓa gaya mini sai da ya shekara goma sha huɗu ya sake ganinka, kuma a tasha ya wuce ka bai gane ka ba. Yana dariya ya ba ni labarin, sai dai bai ƙarasa tuwonsa ba ranar.

In za ka ɗauke su, ka ɗauke su su uku, ranar da suka shiga gidanka zan gaya maka da Hajiya abin da ya kamata ku sani don maganin. In na yi rashin kunya a gafarce ni.

'Yarka,
Afra'u

Akurba, Lafia
15 ga Oktoba

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Yau mako uku ban ji daga gare ka ba. Baballe ya rantse ya ba ka takardata 26 ga Satumba a ƙofar shago. Na kira sau biyar ba a ɗauka ba. In maganata ce ta yi zafi, ni za a hukunta, ba yaran ba. Saura kwana arba'in da shida mai gida ya karɓi makullinsa.

Akwai labari mai daɗi. Ranar 8 ga wata Gwaggo Sailuba ta zo, ƙarfe shida da rabi na safe, har da ƙosai a leda. Ta ce kasuwa za ta ta biyo, ko da yake daga Shabu Akurba ba hanyar kasuwa ba ce. Ba ta shiga ɗaki ba, amma ta zauna a tsakar gida har yaran suka shirya suka tafi makaranta. Tana ta kallonsu ɗaya bayan ɗaya. A hanya Mu'awiya ya tambaye ni ko Gwaggo ta huce ne. Na ce ina jin haka.

In kai ka yi mata magana, na gode, Allah ya saka. Ina jiran amsarka.

'Yarka,
Afra'u

Kano
19 ga Oktoba

Afra'u,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau nake. Shirun da kika ji na jiran Sailuba ne, don ni na aike ta. Tunda ke kin zama likita kin zama alƙali, na ce bari in sa mai ido ta gano mini.

Ta gani. Ƙarfe bakwai daidai kin jera su a kan benci, kin sa wa kowanne ƙwaya a tafin hannu, kin bi su da kofin ruwa. Su uku. Babba da na tsakiya da ƙarama. Ta tambayi mai kanti na kusa da ku, ya ce ranar asibiti ma su uku ake tafiya, tun uwarsu tana da rai.

To Malama mai ƙididdiga, a jami'arku uku ake kira ɗaya? Kin cika mini takarda da shekara biyu da wata biyar, har da takalmin ƙafata kin rubuta, ashe ƙarya ce a tsakiya. So kika yi ki juye mini majinyata uku a cikin jikokina, ke kuma ki sa kakin gwamnati ki tafi yawo. Ki zagi mamaci, ki zagi rayayye, duk don wannan.

Na janye maganata. Ba Mu'awiya, ba kowa. Sailuba ma ta ce ba ta ciki. Akwai gidajen marayu a Lafia, su suka san yadda suke yi da irinsu. Ki kai su ki sa hannu, ai kin iya sa hannu. Allah ya ba su lafiya.

Kada ki sake aiko mini da takarda a kan wannan maganar.

Alhaji Babandi

Akurba, Lafia
23 ga Oktoba

Zuwa ga Anti Doris, Assakio,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Baba Tavershima. Ya aikin gona, ya ƙarin haƙuri. Ni ce Afra'u, wadda take zaune a gidan ƙanwarki. Yaran suna lafiya. Na kira lambarki ba ki ɗauka ba, ban kuma ga laifinki ba, shi ya sa na ba wata mai kai kaya kasuwarku wannan takarda.

Zan fara da laifina. Ranar 14 ga Agusta Anti Bilkisu ta cika ƙarfe goma saura kwata na safe. Ban kira ki ba sai ƙarfe ɗaya da minti goma. Mu in mutum ya rasu da safe, kafin la'asar an kai shi, kowa ya san haka, sai kaina ya tafi wurin likkafani da neman mai taya ni wanka, don matan dangi sun ƙi taɓa ta. Ban tuna cewa ku kuna jiran 'yan'uwa su taru ba. Kin iso an dawo daga maƙabarta. Ba wanda ya hana ni kiranki, ni ce ban yi ba.

Yanzu abin da ya kawo ni. Za a karɓi gidan 30 ga Nuwamba, ni kuma zan shiga sansanin bautar ƙasa 27 ga wata. Dangin uban sun ƙi yaran. Da farko sun so su raba su, su bar mai ɗauke da cutar. Na ƙi faɗin suna. Sai suka aiko aka leƙa, aka ga duka ukun suna haɗiyar ƙwaya da safe, suka ce duka ne.

Ba duka ba ne. Tsarin Anti ne na tarar na ci gaba da shi. Kullum ƙarfe bakwai kowane yaro yana shan ƙwaya ɗaya, amma biyu bitamin ne kawai. Ranar asibiti ma dukansu ake tafiya da su. Ta yi haka ne don kada maƙwabci ko ɗan'uwa ya iya nuna ɗaya da yatsa.

Ban gyara wa Baffa kuskurensa ba. Ni da ko adadin cokali aka faɗa ba daidai ba sai na gyara, yau kwana uku ina zaune a kan wannan. Amma in na gyara, zai aiko a kwashe su a gwada, ya zaɓi biyu ya dawo da ɗaya kamar atamfar da ta yi zuba.

Na je gidan marayu biyu. Na farko ba sa haɗa maza da mata, Mu'awiya sai wani reshe. Na biyu tun a teburin bakin ƙofa matar ta ɗaga murya tana tambayar sakamakon gwajin kowanne, masu gadi suna ji.

Ba ni da bakin roƙonki, amma ina roƙo. Su uku. In kin yarda, zan gaya miki wanne ne, baki da kunne. Abu ɗaya ke damuna, kada ki ji haushi: yaran suna salla, Mutmainna ta kusa izu goma.

Taki,
Afra'u

Assakio
27 Oktoba

Afra'u,

Leta naka ya zo. Muna lafiya, doya ya yi kyau bana.

Na farko, sunan shi Ngunan. Ni ban san wani Bilkisu ba. Mama na ya haifi Ngunan, ni na goya shi a baya.

Kun binne ƙanwa na kamar akuya da mota ya taka. Na shiga mota da sabon zane da na saya mashi, na zo na samu mutane suna wanke hannu. Amma kai kaɗai ka ce laifi na ne. Sauran har yau ko sannu. Wannan Sailuba ya tare ni a ƙofa ranar, ya ce yara na uba ne, ba na mama ba. To na dawo gida na zauna, na ce bari in ga uba. Wata biyu ina jira. Ina uban? Alhaji mai babban riga, yara uku sun fi ƙarfin shi, sai aika mace ya je ya leƙa kamar ɓarawon kaza.

Sirri da za ka gaya mani baki da kunne, abeg riƙe abin ka. Ni na riƙe hannun Ngunan ranar da nas na asibiti ya faɗa mana sakamako. Ƙwaya uku ɗin nan, a kicin na muka yi dabaran shi, muna ɓare agushi. Kana tsammani ƙanwa na zai gaya maka bai gaya mani ba? Kun yi makaranta da yawa, kuna gani kamar mu na ƙauye itace ne.

Kada ka gyara wa Alhaji komai. Wanda ya aika a leƙa, ya ci abin da aka leƙo mashi.

Maganar salla. Masallaci yana bayan gida na, ladan ɗin ba ya bari kowa ya yi barci, Kirista da Musulmi. Su je. Akwai Islamiyya kuma. Ba zan kai su coci ba, ba zan ɓoye Baibul na saboda su ba. Tavershima ya ce naman alade zai riƙa ci a kasuwa ya goge baki kafin ya shigo. Ɗakin da muke ajiye doya za mu kwashe, zai sa siminti da taga. Kati na asibiti ka bar shi a Lafia yadda yake, na san hanya, na san layin.

Abu biyu za ka yi mani. Kai da kanka za ka kawo su, da rana tsaka, ta ƙofar gaba, duk Akurba su gani, kada gobe a ce na sace yara. Na biyu, ka kai ni inda kuka sa Ngunan. Har yau ba wanda ya nuna mani.

Doris

Kano
11 ga Nuwamba

Afra'u,

Ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Jiya bayan Azahar, a ƙofar masallacin kasuwa, Alhaji Muhammad Sani mai goro da yake zuwa daga Lafia ya riƙe mini hannu a gaban mutane, ya ce wai gaskiya ne 'ya'yan Zakiyyu za su koma gidan Kirista a Assakio alhali yayansa yana da rai? Ban san inda zan sa fuskata ba. Shekara talatin ina kasuwar nan ba a taɓa tsayar da ni a kan maganar gida ba, sai da ke kika yi digiri.

Wa ya ba ki izini? Ni ne waliyyinsu. Na ce gidan marayu, can aƙalla ba mai cewa ga gidan da suka fito. Ki fasa wannan shirin yau. In kin ƙi, ki cire sunana daga bakinki, kuma ranar aurenki ki nemi wani waliyyin a Assakio.

Alhaji Babandi

Akurba, Lafia
23 ga Nuwamba

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa duk da ka ce ba ka yi ba. Allah ya ƙara lafiya.

Ranar 13 ga wata na tura maka saƙo ta waya, na kuma ba Baballe a rubuce, cewa motar da za ta kai yaran Assakio za ta tashi yau ƙarfe goma sha ɗaya na safe, in kana son su uku ka zo ko ka aiko. Mun jira har sha biyu saura kwata. Gwaggo Sailuba ce kaɗai ta zo, ita ma talabijin da keken ɗinki ta zo ɗauka, wai ajiya. Katifar ba ta taɓa ba. Na lura cutar ba ta kama kayan wuta.

Yaran suna Assakio. Ɗakinsu yana da sabon siminti da taga mai raga. Kafin mu tafi na kai Anti Doris maƙabarta, mai gadin ya nuna mana wurin, ta shimfiɗa zanen da ta saya ta zauna kusan awa ɗaya. Da muka isa, Baba Tavershima da kansa ya kama hannun Mu'awiya ya kai shi wurin liman ya ce ga ɗansa, a riƙa duba masa shi a sahu. Zaituna ta ci sakwara, bayan Mutmainna ta sa hannu.

Ka ce ba ka san inda za ka sa fuskarka ba. A takardarka ta 16 ga Satumba, sakin layi na huɗu, kai ka rubuta a mayar wa dangin uwar wanda abin ya faɗa wa. A lokacin gidan Kirista bai dame ka ba. Da Alhaji mai goro bai riƙe maka hannu ba, har yau ba zai dame ka ba.

Saura abu ɗaya, don ba na son in tafi da shi a wuyana. Ban yi maka ƙarya ba. Ɗaya ne, kamar yadda na rubuta tun farko. Gwaggo ta ga ƙwaya uku, gaskiya ne, amma biyu bitamin ne. Uwarsu ce ta tsara haka, da ita da yayarta, tun shekarun baya, saboda ta san wata rana wani zai zo da ƙosai ya zauna a tsakar gida yana ƙirga mata 'ya'ya. Matar da kuka raina ta san ku fiye da yadda kuka san ta. Laifina shi ne na bar ka a kan kuskurenka kwana talatin da biyar da gangan. Wannan na ɗauka, zan nemi gafarar Allah a kai.

Maganar aurena, in lokacin ya zo za a ga wanda ya rage.

'Yarka,
Afra'u

Kano
25 ga Nuwamba

Afra'u,

Wa'alaikumus salam. Na karanta. Abin da ya wuce ya wuce, yaro ba ya rasa kuskure, na yafe miki. Hajiya ma tana gaishe ki.

Tunda biyu lafiyarsu ƙalau, maganar ta canza. Shago yana buƙatar na gida. Ba na tambayarki suna, tunda kin rantse. Ki ce mini e ko a'a kawai: Mu'awiya yana cikin biyun?

Baffanki,
Alhaji Babandi

Tashar mota, Lafia
26 ga Nuwamba

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina amsa gaisuwar Hajiya. A kan gwiwata nake rubutu, motarmu ta Ebonyi, inda aka tura ni bautar ƙasa, saura mutum biyu ta cika, Baballe yana tsaye a kaina yana jira.

Wannan ce takardarka ta farko da ta iso kwana ɗaya da rubuta ta. Ashe hanyar ba ta da nisa.

Da safe na kira Assakio, ƙarfe bakwai da minti biyar. Anti Doris ta ce sun sha, su uku, sun tafi makaranta. Na karanta mata takardarka. Ta ce in gaya maka ƙofarta a buɗe take, ka zo ka gaishe su duk ranar da ka so, za a ba ka abinci a kwanon da suke ci.

Ka ce e ko a'a. Mu'awiya yana cikin ukun, Baffa.

Afra'u